Ƙullutu a Mama Lokacin Shayarwa: Kada a Jira Sai An Yi Yaye

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 28, wannan ce haihuwata ta uku, kuma ɗana yana da wata 2 da 'yan kwanaki. Bayan mun yi arba'in da kamar mako guda, mamana na hagu ya kumbura ta sama, kusa da hamata, ya yi zafi, ga zazzaɓi da rawar ɗari. Na aika kemis aka ba ni kafso na kwana 3, zazzaɓin ya sauka, ciwon ma ya lafa, amma wani ƙullutu mai tauri, girman goro, ya tsaya a wurin, yau mako 3 ke nan. Mahaifiyar maigidana ta ce gyatsa yaron ya yi a kai, in riƙa gasawa da ruwan zafi ina murzawa, in kuma daina ba shi wannan ɓangaren. Wata maƙwabciyarmu ta ce kada in kuskura in je asibiti, domin idan daji ne, da allura ta taɓa shi zai bazu. Maigida kuma ya ce tunda ba ya ciwo mu bari sai an yi yaye. Ni kuwa barci ya gagare ni, saboda ciwon dajin mama ne ya yi ajalin goggona. Don Allah a ba ni shawara.

Daga wata mai goyo a Funtuwa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana yaro, ya kuma jiƙan goggonki. Zan fara da abin da ya kamata ki yi kafin bayani ya biyo baya: ki je asibiti cikin wannan makon a duba ƙullutun a yi masa sikanin, ki koma shayar da yaronki daga ɓangarorin biyu, ki kuma dakatar da gashi da murzar da kike yi. Mafi yawan ƙullutun da ke fito wa mai shayarwa daga ruwan nono ne da kumburin da yake haddasawa, ba su da alaƙa da daji, kuma yadda kika ba da labarin naki ya fi kama da ragowar irin wannan kumburi. Sai dai ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suke bi ita ce, duk ƙullutun da ya wuce mako 2 bai baje ba dole a bincika shi, ko yana ciwo ko ba ya yi, naki kuwa ya riga ya tsallake wannan wa'adi.

Maman mai shayarwa dama ba ya rasa gudaji-gudaji. Idan kika taɓa shi kafin yaro ya sha za ki ji wasu wurare sun yi tauri, idan ya ƙoshi kika sake taɓawa sai ki tarar sun yi laushi, kuma wannan shi ne gwaji na farko da kowace mace za ta iya yi a ɗakinta: ƙullutun da ke raguwa bayan shayarwa, ko yake sauya wuri daga yau zuwa gobe, ruwan nono ne da ya taru. A kwana na 3 zuwa na 5 bayan haihuwa, lokacin da ruwan nono ke zuwa da ƙarfinsa, maman biyu sukan cika tim su yi nauyi da sheƙi, har wasu matan su ji wani kumburi a cikin hamata, domin naman mama yana da jela da ta miƙa har can, wasu ma an haife su da ɗan ƙarin naman mama a wurin wanda ba sa sanin da shi sai sun haihu. Wannan yakan sauka cikin 'yan kwanaki, kuma ke kin wuce wannan mataki tun tuni.

Abin da ya fi yawa bayan makonnin farko shi ne toshewar hanyar nono. A cikin mama akwai siraran hanyoyi masu yawa da ke kai ruwan nono zuwa kan mama, kuma idan wani sashe bai samu fita yadda ya kamata ba, sai naman da ke kewaye da hanyar ya kumbura ya matse ta, ruwan ya daɗa taruwa a baya, wurin ya yi tauri da zafi. Dalilansa abubuwa ne na yau da kullum: yaro ya yi dogon barci aka tsallake shayarwa, ko hidima ta yi yawa, kamar yadda take yi wa mace daidai lokacin da ta gama arba'in ta koma girki da yawon gaishe-gaishe, ko yaron bai kama maman da kyau ba, kan kawai yake tsotsa, ko rigar mama ta matse, ko kwanciya rub da ciki. Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba, wato goyo. Ki lura da inda bakin zani da majanyi suke zama idan kin ɗaure yaro a baya: daidai saman mama ne, ta gefen hamata, kuma nauyin yaron gaba ɗaya a kan wannan layin yake rataye na tsawon sa'o'i. Mace takan kwance goyo ta ga shatin zanin ya nutse a fatarta. Ban ce a bar goyo ba, amma mai fama da irin wannan matsala ta sassauta ɗaurin, ta riƙa sauke yaron a kai a kai.

Maganar gyatsa kuwa, iskar da ta fito daga cikin jariri ba ta da hanyar shiga mama, balle ta daskare a ciki. Amma iyayenmu ba haka kawai suka haɗa abubuwan biyu ba. Yaron da bai kama mama da kyau ba yakan haɗiyi iska yana tsotso, ya yawaita gyatsa, kuma shi ne dai yaron da ba ya janye ruwan yadda ya dace, yake kuma tsattsage wa uwarsa kan mama. Sun ga alamar daidai, sababin ne ya sha bamban da yadda suka fassara shi.

A kan gashi da murza, kada ki ga laifin Hajiya, mahaifiyar maigidanki, domin har a asibitoci abin da aka daɗe ana koya wa masu jego ke nan: a gasa, a murza da ƙarfi, a tatse tas. A shekarar 2022 ƙungiyar likitoci masana shayarwa, Academy of Breastfeeding Medicine, ta sabunta ƙa'idojinta a kan wannan ciwo ta janye waccan shawara, saboda an fahimci cewa ainihin matsalar kumburin nama ce, kuma naman da ya kumbura idan aka murje shi ƙara ƙujewa yake yi ta ciki, har ya iya zama masomin taruwar mugunya. Zafi ma buɗe jijiyoyin jini yake yi, ya ƙara kumburin, ko da yake yana kawo ɗan sauƙi na lokacin. Yawan tatsa shi ma yana da nasa aibin, domin mama kamar rijiya yake, iya ɗibarki iya ɓuɓɓugarsa. Wadda ta dage sai ta tatse shi ƙarƙaf, umarni take ba jikinta ya ƙara yawan ruwan a wurin da dama ya cushe. Abin da ake so yanzu shi ne sanyi, da hutu, da shayarwa gwargwadon buƙatar yaro, ba ƙari ba ragi.

Zazzaɓi da rawar ɗarin da kika yi sun nuna cewa naki ya wuce toshewa ya kai ga ciwon kumburin mama. Alamominsa su ne wani yanki na mama ya yi tauri da zafi da raɗaɗi, jiki ya yi zafi har ma'auni ya kai 38.5 ko fiye, gaɓoɓi su yi ciwo kamar za a yi mura ko maleriya, kuma da yawa daga matanmu maganin maleriya suke fara sha kafin su gane daga mama abin yake. Littattafan likitanci suna cewa wurin yakan yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai a ga wurin ya ƙara duhu yana sheƙi, don haka rashin ganin ja ba hujja ba ce. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2000 ya nuna cewa mafi yawan wannan ciwo yana aukuwa ne cikin mako 12 na farko bayan haihuwa, wato daidai lokacin da ya same ki. Wani lokaci kumburi ne kawai, ya sauka da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani lokaci kuma ƙwayoyin cuta ne suka samu shiga, galibi nau'in sitafilokokus da ke zaune a fatar mutum, musamman idan kan mama ya tsage. Idan haka ta faru, likita ne ke zaɓar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace da wannan nau'i, kuma akan sha shi kwana 10 zuwa 14.

A nan ne nake ganin bakin zaren matsalarki. Kafso na kwana 3 yana iya sauke zazzaɓi ya kwantar da raɗaɗi ba tare da ya gama aikin ba. Idan mugunya ta riga ta fara taruwa, jiki yakan gina mata katanga mai kauri ya killace ta, sai a wayi gari da ƙullutu mai tauri wanda ba ya ciwo sosai, ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kuma tafiya, domin magani ba ya ratsa wannan katanga da sauƙi. Likitocin tiyata sun san wannan sarai, kuma sun san cewa a hannu yakan yi kama da daji har ya ruɗi gwani, shi ya sa ba sa yanke hukunci sai sun ga hoto. Maganinsa ba mai wahala ba ne: a kashe zafin wurin, a sa allura ana kallo a na'urar sikanin a zuƙe mugunyar, wani lokaci a maimaita sau biyu ko uku cikin 'yan kwanaki, a kuma aika abin da aka zuƙo ɗakin gwaji domin a san maganin da zai ci shi. Sai idan ya yi girma ƙwarai ko ya rarrabu gida-gida ne ake ɗan tsagawa. Abin da nake roƙonki ki guje masa shi ne sakiya a wurin wanzami, ko liƙa wani haɗi domin ya nuna ya fashe da kansa. Ƙarfen da aka soka ba tare da an ga ciki ba yana iya yanke hanyoyin nono, ya bar rami da ke yoyon nono da mugunya wata da watanni, kuma tabon da ya bari yakan dame likita a duk binciken da za a yi nan gaba.

Hana yaro wannan ɓangaren shi ne mafi cutarwa cikin shawarwarin da aka ba ki. Maman da ke kumbure idan aka daina shan sa farat ɗaya, ruwan taruwa yake yi, kuma wannan na daga cikin manyan hanyoyin da kumburi ke rikiɗewa ya zama ƙurji. Nonon ɓangaren da ke ciwo ba guba ba ne, ba ya sa yaro gudawa ko rama, kuma magungunan da likitoci suka saba bayarwa a wannan ciwo ba sa hana shayarwa. Ɗanɗanonsa yakan ɗan yi gishiri-gishiri lokacin kumburi, shi ya sa wasu yaran ke ƙyamarsa na 'yan kwanaki. Idan naki ya ƙi, ki tatsa da hannu a hankali iya abin da zai rage miki nauyi, ki sake gwada shi an jima. Wurare biyu ne kawai ake dakatawa: idan mugunya na fita ta kan maman ko rauni yana daidai inda bakin yaro ke kamawa, da kuma idan uwa tana ɗauke da cutar ƙanjamau, domin kumburi da tsagewar kan mama suna ƙara haɗarin yaro ya ɗauka. A waɗannan halaye ana tatsewa a zubar, a ci gaba da ba shi lafiyayyen ɓangaren har wancan ya warke.

Akwai wasu ƙullutai marasa haɗari da sikanin zai iya nunawa. Ɗaya jaka ce da ruwan nono ya taru a ciki bayan wata hanya ta toshe, likitoci na kiranta galaktosil. Sumul take, ba ta cika ciwo ba, idan aka zuƙe da allura nono ake gani, takan sake cika, kuma yawanci takan ɓace bayan yaye. Akwai tsiron da ke fitowa daga naman da ke samar da nono a ƙarshen ciki ko lokacin shayarwa, wanda shi ma yakan shanye da kansa idan an gama. Akwai kuma ƙullutun 'yan mata, mai santsi da ke zillewa ƙarƙashin yatsa, wanda mace za ta iya zama da shi shekaru ba ta sani ba sai sinadaran jiki na lokacin ciki sun ƙara masa girma. Kaluluwar hamata takan tashi idan mama na ciwo, ta kuma sauka idan ya warke. Ko tarin fuka yakan kama mama, ko da yake ba kasafai ba, ya zo da ƙurji mai fashewa yana warkewa yana dawowa. Shi ma yana da magani na wata 6, kuma kyauta ake bayar da shi a asibitocin gwamnati a Najeriya.

Yanzu sai abin da ya hana ki barci. Ciwon dajin mama a lokacin ciki ko shayarwa ba shi da yawa; ƙiyasin da likitoci suka saba ambata shi ne mace 1 cikin kimanin 3,000 masu ciki. Shayarwa ma kanta kariya ce: wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2002 ya gano cewa kowane wata 12 da mace ta yi tana shayarwa yana rage mata haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Amma ragi ba kawarwa ba ne, kuma matsalar dajin da ya zo a wannan lokaci ita ce yana samun wurin ɓuya. Mama cike yake, kowa na da bayanin da zai bayar, mace ta ce nono ne, dangi su ce nono ne, wani lokaci har ma'aikacin lafiya ya ce nono ne, a yi ta sauya magani watanni suna wucewa. Alamomin da ke sa a ƙara sa ido su ne ƙullutu mai tsananin tauri da ba ya motsi, gefensa ba sumul ba, ba ya raguwa bayan shayarwa. Fata ta lotsa ciki ko ta yi kauri da ƙananan ramuka irin na ɓawon lemu. Kan mama ya koma ciki alhali da ba haka yake ba. Jini yana fita daga ƙofa guda. Ƙullutu mai tauri a hamata ko saman ƙashin wuya. Ko kumburin da aka sha cikakken magani bai sauka ba. Ki lura da cewa ciwo ba ya cikin jerin. Dajin mama a farkonsa galibi ba ya ciwo ko kaɗan, don haka hujjar maigida ta cewa tunda ba ya ciwo a jira, ita ce ainihin dalilin da ya sa ba za a jira ba.

Maganar goggonki ki faɗe ta ga likita ko bai tambaya ba, tare da shekarunta lokacin da ciwon ya kama ta, da ko akwai wata a dangin da ta yi dajin mama ko na ƙwan mahaifa. Mutane da yawa suna zaton gadon wannan ciwo ta wajen uwa kaɗai yake zuwa, alhali uba ma yana iya ɗauke da shi ya miƙa wa 'yarsa ba tare da shi ya taɓa yin ciwon ba. Goggo guda ɗaya ba ta nufin an rubuta miki irin nata. Mafi yawan matan da ke da irin wannan tarihi ba sa kamuwa. Abin da take nufi kawai shi ne likita zai ƙara tsananta bincike.

Shi kuwa jiran yaye, ki yi masa lissafi. Yaronki yana da wata 2, a al'adarmu kuma ba a cika yaye ba sai wata 18 zuwa 24. Ke nan ana maganar barin ƙullutun da ba a san ko mene ne ba ya zauna wata 16 zuwa 22. Idan mugunya ce, za ta iya sake tashi ta ɓata naman mama. Idan kuma daji ne, wannan tsawon lokaci ya ishe shi ya tashi daga matakin da ake warkewa zuwa matakin da sai dai a rage raɗaɗi. Alƙaluman cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun ƙiyasta sababbin masu dajin mama sama da 30,000 a Najeriya cikin shekara guda, kuma shi ne dajin da ya fi kama mata a ƙasar. Akasarinsu suna isa asibiti ne a mataki na 3 ko na 4, da yawansu kuma ba su kai shekara 50 ba. A ƙasashe masu arziki, inda ake gano shi da wuri, fiye da kashi 90 cikin 100 na matan suna raye shekara 5 bayan an gano ciwon. Babban abin da ya raba mu da su shi ne ranar da mace ta fara zuwa asibiti, da saurin da aka yi wajen gano abin da ke damunta. Saboda haka ne shirin yaƙi da dajin mama da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya sa wa'adin kwana 60 a kammala bincike daga ranar da mace ta fara kai kukanta.

Zancen maƙwabciyarki cewa daji ba ya son ƙarfe ya yi ajalin mata da yawa, kuma yana da kyau ki san inda ya samo asali. Mace takan ɓoye ƙullutu shekara ɗaya ko biyu, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ya fashe yana wari sannan a kai ta asibiti, alhali ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi. A ɗebi tsoka a gwada, ko a yi aiki, bayan 'yan watanni ta rasu, sai a ce ai da ma an faɗa, ƙarfe ne ya taɓa shi. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa ba a jin labarinsu, domin ba sa shelar abin da ya same su, wata ma kina zaune da ita a gidan biki ba ki sani ba. Allurar gwaji ba ta watsa daji, kuma gwajin tsokar da aka ɗebo ne hanyar da ake tabbatar da cewa daji ne.

Ga abin da za ki tarar idan kin je, domin kada baƙunta ta firgita ki. Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke inda akwai likita da na'urar sikanin. Idan ana buƙatar ƙarin bincike za a tura ki asibitin koyarwa, kuma daga Funtuwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba shi da nisa, akwai kuma na Malam Aminu Kano. Ki tafi da yaron ki shayar da shi dab da shiga, domin maman da aka rage wa ruwa ya fi sauƙin dubawa. Ki tafi da kwalin kafson da kika sha ko sunansa, ki faɗi ranar da abin ya fara da duk abin da aka shafa ko aka sha a gida, ba tare da jin nauyi ba. Idan kin fi son mace ta duba ki, ki nema, haƙƙinki ne, amma kada rashinta a ranar ya sa ki juya. Sikanin irin wanda aka yi miki lokacin awon ciki ne, ba ya ciwo, ba ya taɓa nono, kuma nan take yake bambance ƙullutun da ruwa ne a cikinsa da wanda tsoka ce. Idan ruwa ne, a zuƙe a gani, nono ne ko mugunya. Idan tsoka ce, akan kashe zafin wurin a ɗebi ɗan sili da allura a kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito bayan kwanaki ko 'yan makonni, kuma za ki iya shayarwa a ranar. Hoton mamogiram, wato hoton eksire na mama, shi ma bai haramta ga mai shayarwa ba idan likita ya ga buƙatarsa, sai dai a mace mai shekarunki sikanin ake farawa da shi. Idan aka taɓa kawai aka ce nono ne ki koma gida, ki tambaya cikin ladabi ko za a rubuta miki sikanin tunda ya kai mako 3, a kuma ba ki ranar dawowa. Ki karɓi sakamakonki a rubuce ki adana.

Kafin ranar, ki riƙa ɗora sanyi a wurin na kamar minti 10 bayan shayarwa. Ledar ruwa mai sanyi da aka naɗe a ƙyalle ta isa, in babu wuta kuma tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa. Idan za ki taɓa wurin, shafa ce mai sauƙi da tafin hannu daga mama zuwa hamata, ba dannawa ba. Farasitamol da ibufurofen duka sun halatta ga mai shayarwa, sai dai mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma ta nemi shawara kafin ta sha na biyun. Ki duba kamun yaron: bakinsa a buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa na taɓa mama, baƙin da ke kewaye da kan mama ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa, ke kuma ba kya jin zafi. Kada ki ƙara sayen wani kafso. Idan kuwa zazzaɓi ya dawo, ko wurin ya fara zugi yana ƙara girma, ko fata ta yi laushi kamar za ta fashe, ko kika ji jiri da kasala mai tsanani, to ranar za ki tafi, ko da dare ne.

Saura shawo kan mutanen gida, wanda na san shi ne ya fi wuya. Maigida ba mugunta ta sa ya ce a jira ba. Mai yiwuwa yana tunanin kuɗi, ko yana tsoron a ce a yaye yaro tun yanzu, ko kuma shi ma tsoron amsar yake ji. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki nuna masa wannan amsa, ki bayyana masa cewa binciken ba ya hana shayarwa, kuma kuɗin sikanin da zuƙe mugunya a yau bai kama ƙafar kuɗin tiyata da kwanciya asibiti ba idan abin ya ɓaci. Hajiya kuma kada ki tunkare ta da cewa maganarta ba daidai ba ce. Ki ce mata kin bi shawararta kin gasa, abin bai baje ba, kina so ta raka ki a duba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma idan ita ta ce a tafi, ɗanta ba zai musa ba. Idan duk da haka aka ƙi, ki sanar da mahaifiyarki ko wani babba a gidanku wanda maigida ke jin nauyinsa, ki kuma yi amfani da ranar rigakafin yaro, wadda dama za ki je asibiti, ki nuna wa ma'aikaciyar jinya ƙullutun ta rubuta miki takardar ganin likita.